Gwiwar Yaya Garba

Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, amma maganar ta ƙi barin ƙirjina.

Ina fushi da kai, Yaya. Ban taɓa iya faɗa maka haka ba kana da rai.

Ka tuna bijimin farko, wanda ya maka ka da ƙasa wurin hawan ƙaho a Jega, ya taka maka gwiwa? Ni ke riƙe da igiyar ƙafarsa, na ji ƙarar ƙashin cikin kiɗan kalangu. Mai ɗori na Aliero ya yi iyakar yinsa, ƙafar ta warke a karkace. Na kai ka asibiti Sakkwato, suka yanke ƙashin ƙaurinka, suka miƙe shi, suka ɗaure da ƙarfe. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙafa za ta miƙe, amma guringuntsin da ke bayan ƙoƙon gwiwar ya ragargaje, wannan kuwa aikinsu ba ya mai da shi. Tafiya za ka yi. Tsalle da durƙuso sun ƙare.

Kai rabin maganar ka ji. Da aka cire filasta ka ga ƙafa sambal, sai ka ce ka warke. Alhali ina jin gwiwar tana gurzawa kamar dutsen niƙa in ka taso daga sujada. Sallar ma a zaune ka koma yi, a ɗaka, don kada mahauta su gani.

Jajibirin Sallah, da ka shirya komawa hawan ƙaho, na tare ka a zaure na tuna maka maganar likita. Ka mare ni har haƙorina ya fita, ka tsallake ni ka wuce. Duk da haka na bi ka na kama igiya. Wa zan bar wa ita?

Ka tunkari jan bijimin nan, ka duƙa za ka daka tsalle, gwiwar ta lanƙwashe. Ƙahon ya shige ka ƙarƙashin haƙarƙari. Ya ɗaga ka, ya girgiza, ya yar. Na ja igiya har ta saɓule min fatar hannu. Me kake nema a wurin, Yaya? Kirari? Wa ya taɓa ce maka rago?

Inna ba ta ƙara cin naman shanu ba. Matarka Hajo ta gama takaba ta koma gidansu a ƙauyen Giwa Tazo, tana taya su noman albasa. Ɗiyarka Saratu tana wurina, ta fara tafiya. Jiya ta ji kalangu daga kasuwa ta soma rawa, na ɗauke ta na shige ciki na rufe ƙofa.

Marin na yafe tun ran nan. Sauran ina ƙoƙari.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta.

Ƙanenka,
Sahabi