Wayarka da Bahon Roba

Wurno, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Abdulƙadiri, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da hwatan kana lahiya, ya kasuwa, ya haƙuri da zaman baƙunta? Allah shi tsare ka, shi sa albarka ga neman da kake yi. Nan gida kowa lahiya lau. Ƙahwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yawon barka da gaisuwar unguwa, ba mai iya tsai da ta. Albasar hwadama ta yi kyau bana. Kawu Maccido ya soma cira, buhunansa ne ma cikin motar Ɗantani direba, wanda za shi miƙa maka wagga takarda.

Na san za ka ce mi yas sa Yaya Hauwa'u rubuta wasiƙa ga waya a hannunta. Sau uku ina kiranka don in hwaɗa maka magana guda, sau uku ina ɓigewa ga tambayar ruwan sama da kuɗin albasa. Ni da anka sani da baki, ranar bakin ya ƙi ni. To ga ta a rubuce: matarka Mahbuba ba ta taɓa kuɗinka ba. Ni ce sanadi, kuma na yi maka ƙarya.

Ka tuna ƙaramar wayar da kab bar mata da za ka tahi, mai layinka na banki, don ta riƙa cirar na cehwane. Ta hwaɗa cikin randa tana ɗibar ruwa. Mahbuba ta kawo mani ita tun da ni ke hita kasuwa, tac ce in kai ma mai gyara na bakin tasha. Na kai. Mutumin ya buɗe, ya hura, ya girgiza kai, yac ce ruwa ya cinye ta, ko Sakkwato anka kai ba ta tashi. Nid dawo da ita nis saka cikin kwano nim manta. Bayan kwana biyu sai ga irin mutanen nan masu babur da lasihika, an ɗaure robobi a baya har sun hi kansu tsawo, suna kiran a kawo tsohuwar waya ko ta mutu. Nawa bahon wanki ya tsage tun kaka, ina ta liƙe shi da wuta. Nig ga wani kore, babba, mai kauri. Wallahi Abdulƙadiri ban yi dogon tunani ba. Nic ce ma raina matacciyar waya mi za ta ƙara ma wani, in an sai da albasa sai in saya ma Mahbuba wata. Nim miƙa, yam miƙo baho, har ina jin na ci riba. Mahbuba kuwa nic ce mata mai gyara ya ce a jira kaya su zo.

Abin da ke ci na shi ne ina zaune a wurin ranar da kar rubuta lambar sirri a 'yar takarda, kan ninke, kas saka bayan batir. Har tsiya niy yi ma Mahbuba, nic ce kanta ba shi riƙe lamba huɗu amma shina riƙe sunan kowane zane a kasuwa. Da idona nig gani. Amma ranar bahon ko layin bai zo mani a rai ba, balle takardar. Na haɗa ma mutum waya da layi da mabuɗi, na karɓi roba.

Sauran ka hi ni sani. Kuɗin injin ban-ruwa da kad daɗe kana tarawa sunka bi iska, anka sayi kati, anka tura ma mutanen da ba ka sani ba, har rance anka ci da sunanka. Da kak kira Mahbuba ta wayar Inna cikin hushi ta gaya maka gaskiya, cewa wayar tana hannuna. Sannan kak kira ni. Ban taɓa jin muryarka haka ba, ni da nig goye ka. Sai nij ji bakina ya ce ai na mayar mata tun ranar. Kai kuma ka yarda nan take, don ba ka taɓa kama ni da ƙarya ba. Yardar nan taka ta hi komi yi mani ciwo.

Da Inna tat tara mu a ɗakinta tana tambaya, na maimaita. Mahbuba ta ɗago ta dube ni sau guda, tas sunkuyar da kai. Kac ce ta tahi gidansu Boyekai sai ka neme ta, Inna ta riƙe ɗiyarku Surayya. Ni ce ma nit taya ta ɗaure kaya, kai jama'a, har ina ce mata ta yi haƙuri komi mai wucewa ne.

Wata guda ke nan ina ci ina sha kamar mutuniyar kirki. Kullum sai in ce gobe in hwaɗi, goben ta zo in ce bari hushinka shi sauka. Sai ranar Juma'a Ɗantani ya shigo gaida Inna, yac ce ka gaya mashi in ya zo wagga tahiya akwai takardar da za ka ba shi ya kai Boyekai. Na san ko wace takarda ce.

Asabar nih hau mota nit tahi Boyekai. Na iske ta tana sussukar gero, ta rame. Ta shimhiɗa mani tabarma, ta dama mani hura, tana ce mani Yaya kamar ba abin da yaw wuce. Da niz zayyana mata komi ina kuka, sai tac ce ai ta gane tun ranar da anka ce kuɗi sun hita, don ta ga sabon baho a tsakar gidana, ta kuma ji masu lasihika a makon. Nic ce to mi yah hana ki tona ni gaban Inna? Tac ce ta gaya ma mijinta sau guda bai yarda ba, ita kuwa ba ta iya ƙaryata babbar yayarsa gaban uwarsu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Abu guda tar roƙa, wai in takarda ta zo in sa baki a bar mata Surayya ko zuwa shekara guda.

Kahin in baro garin na durƙusa gaban mahaihinta na hwaɗi. Na dawo na hwaɗa ma Inna da Kawu Maccido. Inna ba ta yi mani magana ba har yau, kuma ban ga laihinta ba. Maigidana ya ce albasata ta bana da tumakina biyu naka ne, ni ma haka nic ce, ko da yake na san ba su kai. Wanga duk mai sauƙi ne, mu yi shi sannu. Ka yi hushi da ni iyakar yadda kake so, ka daina gaishe ni in ka ga dama, na cancanta. Amma don girman Allah kada ka rubuta takardar nan. In ka riga ka rubuta, ka kira Kawu tun yau a san yadda za a gyara. Na roƙi Ɗantani kada shi karɓi komi daga hannunka sai ya ga ka karanta wagga har ƙarshe. Ka kira Mahbuba ta wayar yayanta, kai da bakinka, kada ka aiko kowa.

Inna ta aiko a gaishe ka, Kawu Maccido da yaran gida su Ruƙayyatu da Ma'u duk suna gaishe ka. Ka gaida mai masaukinka da mutanenmu na can. Surayya ma ta ce a gaida Baba. Ni a ke kawo ma ita in yi mata wanka kowace sahiya, cikin bahon nan kore, don shi kaɗai gare ni, kuma ba ranar da ba ta tambaye ni yaushe Ummanta za ta dawo. Ka ba ni abin da zan gaya mata.

Wassalam. Yayarka mai neman gahwararku, kai da ita,
Hauwa'u.