Rigar da Na Ɗinka wa Kwamfutarki

Gumsu 'yata,

Assalamu alaikum. Ya jikin Babanki, ya mutanen Kazaure? Ni lafiya lau nake a Jidda, sai ɗan ciwon baya na tsayuwar kicin, shi ma da sauƙi.

Kin ce kwamfutar da kike zana katunan biki tana fitar da layi-layi, ta yi huci, ta mutu. Na nuna wa Malam Kaumi mai gyara hoton da kika turo. Ya ce katin cikin kwamfutar da ke fitar da hoto ne zafi ya lalata, kuma in kina ta kunnawa zai iya ƙona babban allon cikinta, sana'arki ta tsaya. Sai ya ce, "Hajiya, wa ya lulluɓe ta har kafofin iska?"

Rigar nan ce da na ɗinka mata, na ce kada ki cire saboda ƙura, ke kuma kika bi maganata. Ki yafe mini.

Don Allah ki kashe ta, ki kai gyara. Rigar kuwa kada ki yar, ki sa wa matashin kanki. Allah ya yi miki albarka.

Innarki,
Dela