Turakun Bakin Tabki

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin maigida? Mu nan Madarunfa lafiya, sai takaici.

Kafin damina masu awon tabki suka kafa turaku masu jan fenti, suka ce nan ruwa zai kawo bana, kada a yi shuka ƙasa da su. Ƙaninki Sani ya tumɓuke na gonarmu ya kai gida ya ɗaure tumaki da su, ya shuka masara har bakin ruwa. Wai yaushe takarda ta san tabki?

Yaya, ruwan ya tsaya daidai inda ya cire su. Masara ta nutse, shi kuma wai ƙaddara ce!

Ki kira shi, maganarki kaɗai yake ji. A sa mu a addu'a, a gaida yara. Tumakin dai lafiyarsu ƙalau.

Ƙanwarki,
Rabi