Abincin Baba

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Mun dawo Dayi daga asibiti a Zariya. Ciwon daji ne, ƙari a hanjin Baba. Likita ya ce wasu ƙwayoyin gado ne suka lalace a cikin ƙarin, su ke sa shi aika saƙo, jijiyoyin jini su yi ta tsirowa suna kai masa abinci. Baba ya ce in fassara masa, tunda ni ce malamar kimiyya. Na fassara, ban rage komai ba. Har da ɗan alfahari, Allah Ya yafe mini.

Alhamis, 6 ga Yuni
Bai taɓa tuwo ba. Jiya ma haka.

Talata, 11 ga Yuni
Yau na gane. Ya faɗa wa Inna wai ba zai ciyar da abin da ke cinsa ba. In ta jininsa yake samun abinci, to su yi yunwar tare. Na ce Baba ba haka abin yake ba, ƙarin zai ƙwaci nasa ko ka ci ko ba ka ci ba, kai ne za ka rame. Ya ce, "Ke kika faɗa mini da bakinki, Zakiyya."

Ni ce kuwa.

Alhamis, 20 ga Yuni
An fara allurar da ke hana jijiyoyin tsirowa. Na rantse masa ta toshe hanyar gaba ɗaya. Likita bai ce haka ba, "wataƙila" ya ce. Baba ya sha kunu rabin kofi.

Asabar, 6 ga Yuli
Ya sa an kai shi gona a babur ya ga masara. Ya yi faɗa kan taki. Na ji daɗin faɗan nan.

Lahadi, 28 ga Yuli
Sakamakon hoto. Ƙarin ya sami wata hanyar, ya ƙaru. Ban fassara ba wannan karon, shi ma bai tambaya ba. A mota ya ce in saya masa gasasshiyar masara a Funtuwa. Ya ci layi biyu, ya miƙo mini sauran.

Laraba, 14 ga Agusta
Yaya Talha ya kira daga Kaduna, wai a mayar da Baba Zariya a gwada wani maganin. Wata biyu ina faɗa da kowa a kan kada a fasa zuwa asibiti. Na leƙa, Baba na barci a zaure, Inna na yi masa fifita.

Na ce wa Yaya hanya ba kyau, a bari sai bayan damina.

Hanyar lafiyarta lau.