Kujera Ɗaya a Gaban Labule

Zuwa gare ka Renante, Dodong ɗina, saurayina, inuwar kwakwata a tsakar rana, iskar teku mai shigo min ta taga, mangwaron da ya nuna a reshen da hannuna bai kai ba,

Ina gaishe ka. Ka san ni, in ina gabanka bakina ba ya buɗuwa, sai in yi ta kallon silifas ɗina. Shi ya sa na ɗauki biro, don takarda ba ta kallon mutum a ido.

Ka tuna yammacin nan a gindin katangar filin jirgin Mactan, bayan shagon Gwaggo Pasing? Ka jingine babur ɗinka na achaba, muna cin soyayyiyar ayaba a tsinke ɗaya. Wani jirgi ya taso ta kanmu har rufin kwano yana kyarma. Ka nuna min tagoginsa na gaba, ka kira ni da sunan da kake min laƙabi, ka ce, "Day, kin ga can? Kujerun manya ke nan. A can kujera gado take komawa. A miƙo miki tawul mai ɗumi, a ja labule, a ce Madam Jovelyn, me za ki sha?" Na rufe fuska don kunya, na ce mu da ko jirgin ruwa zuwa tsibirin Bohol da ke kusa sai mun yi shawara? Ka yi dariyar nan taka mai kama da ruwan farko a kan ganyen ayaba, ka ce, "'Yar ƙauye, ba da kuɗi ake hawa ba, da maki ake hawa. Ni da ke, kujera biyu, gefe da gefe, har Tokyo."

Wayyo zuciyata! A ranar ta tashi sama, ba ta jira fasfo ba.

Kai ka koya min cewa katin babban kantin sari yana tara maki, makin kuma ana juya shi ya koma na jirgi. Ni ke yi wa Gwaggo sarin kayan shago, amma lokacin ban kai shekara sha takwas ba, ba ni da katin shaida. Sai aka buɗe da sunanka. Ka ce, "Sunana ai sunanki ne." Gwaggo ta haƙura da man girki da sukarin da nata katin yake ba ta duk Kirsimeti, ta bar min. Abin da ta faɗa kawai shi ne, "Inday, 'yata, kin dai ba kyanwa ajiyar busasshen kifi." Kwana biyu ina fushi da ita saboda kai.

Shekara uku, masoyina. Buhun shinkafa, katan ɗin sardin, taliya, sabulu, duk ta kafaɗata suka bi, duk da katinka aka goga. Ko guguwa ta cika titi da ruwa, ba na saye a kantin kusa, sai na je can mai nisan, don nan ne ake ba da maki. Anti Gemma mai karɓar kuɗi da ta hango ni sai ta ɗaga murya, "Ga amaryar jirgi! Yau me kuka saya, ƙafar kujerar ko hannunta?" Duk layi a juyo ana kallona, in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma a cikina daɗi nake ji. Har fasfo na yi. Mai ɗaukar hoto yana ta faɗa, "Yarinya, rufe haƙoran nan, ba a murmushi!" Na kasa, don kai nake gani a kujerar gefe.

Sai ga shi watan jiya ka zo da fuska kamar hadari, ka ce tsohon makinmu zai mutu a ƙarshen wata, kuma abin da muka tara rabi ne. Ya isa kujera biyu a baya, ko ɗaya tak a gaba. Ban ko yi tunani ba na ce mu ɗauki biyun. Ka ce, "Haba Day, shekara uku muna wahala, mu ƙare a matse kamar sardin a gwangwani?" Na ce ai sardin ma ba ya kwana shi kaɗai. Ka ja min kumatu, ka ce in bar komai a hannunka.

Na bari.

Shekaranjiya Anti Gemma ba ta tsokane ni ba. Ta goga katin, ta dubi na'urarta, ta dube ni, sannan ta miƙo min wayarta, wani bidiyo yana kai. Ga ka nan, farin watana, cikin rigar da na goge maka don zuwa coci, ka miƙe ƙafa a kujerar da ta koma gado, kofi mai dogon wuya a hannunka. Kana ce wa duniya, "Ku ga yadda na hau kujerar manya kyauta! Sirrin kawai haƙuri ne."

Kyauta, Dodong? Kafaɗata kyauta ce? Sukarin Gwaggo kyauta ne? Haƙurin wa kake sayarwa? Na kalli bidiyon har ƙarshe ina jiran in ji ka ce Jovelyn ko sau ɗaya. Ka gode wa mai kawo abinci, ka gode wa matuƙi, har bargo ka yaba. Sannan wata mai kyakkyawar riga ta zo ta ja labule, bidiyon ya ƙare. Ashe ni ce a bayan labulen nan, ni da buhunan shinkafata!

Wace irin teku ce take janye ruwanta, ta bar ƙaramin kwalekwale a kan laka? Wace irin kwakwa ce take ba baƙo ruwanta, ta jefi wanda ya shuka ta da ɓawo? Da ka zo ka ce min, Day, raina yana son kujerar nan fiye da yadda zan iya jurewa, ki bar min, na rantse da na bar maka. Da na yi kuka, amma da na raka ka har ƙofa, na ɗaga maka hannu ta katanga. Ba kujerar ce take ci min rai ba. Safiyar da ka tafi ka tsaya a shagonmu, ka sha kofi, ka ce za ka kai fasinja garin Danao, kada in neme ka.

Na ga saƙonka, wai ka ajiye min 'yar jakar da suke rabawa, mai safa da abin rufe ido. Riƙe kayanka. Shekara uku idona a rufe yake ba tare da ƙyalle ba.

Abu ɗaya nake roƙo, hasken safiyata. In ka sauka ran Lahadi, kada ka aiko yaro, kada ka turo hoto. Ka zo gindin katangar nan da ƙafarka, ka faɗa min gaskiya: da waya ta nuna maka biyu a baya ko ɗaya a gaba, yatsanka ya ɗan tsaya kafin ka danna? Ko na ƙiftawar ido ne? In ya tsaya, akwai sauran abin da zan riƙe. A wannan karon ba silifas zan kalla ba, idonka zan kalla.

Katinka yana cikin ambulan nan. Jiya Anti Gemma ta buɗe min sabo, ta rubuta sunana da manyan baƙaƙe, na goga buhun farko. Ko zai ɗauke ni shekara goma, ranar da ya cika kujera biyu zan nema, ko da na can ƙurya ne kusa da banɗaki. Ni ban iya neman ɗaya ba.

Taka, wadda ba ta taɓa sauya kanti ba balle zuciya, muddin jirage na ratsa rufin Gwaggo,

Jovelyn