Inda Kunnena Ya Tsaya

Litinin, 3 ga Maris

Na yanke shawara, sintisaiza zan saya. Ta gaske, na'urar haɗa sauti mai maɓallai da abubuwan murɗawa, wadda zan taɓa da hannuna. Shekara huɗu ina haɗa kiɗan rawa a kwamfuta, amma kwanan nan duk abin da na haɗa sai in ji shi a dushe, kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Na sauya manhaja, na sauya hedifon sau biyu, duk ɗaya. Laifin kwamfuta ne, sautinta ba rai.

Dogo, abokina mai sa kiɗa a gidan motsa jiki, ya ce in na gama kiɗa ɗaya mai kyau zai sa wa ajinsa na safiyar Asabar. Mutum arba'in suna tsalle a kan abin da na haɗa a ɗakina! Ba abin da nake so a duniya kamar wannan.

Laraba, 5 ga Maris

Mun wuni muna yankan alminiyam, tagogin wani bene. Injin nan in ya kama ƙarfe, kukansa har cikin haƙori. Shekara tara ke nan, na saba.

Da hutun rana na yi ta kallon bidiyon sintisaiza. Uku ne a raina. Akwai 'yar ƙarama marar maɓallai, ba ta iya komai sai bes, wato kakkauran sauti na ƙasa. Akwai babba mai allo, tana fitar da murya takwas lokaci guda, komai nata a cikin allon yake. Sai ta tsakiya, murya ɗaya tal, amma kowane aiki da nasa abin murɗawa a fili. Babbar nake so. Ni da nake gudun allo, ga ni ina zubar da miyau a kan wani allon.

A gida matata Gimbiya ta ce, “Don Allah rage wayar nan, har maƙwabta sun san kana neman sintisaiza.” Ita dai kiɗana bai taɓa wuce injin niƙa a wurinta ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na je shagon kayan kiɗa. Da ban je ba.

Mai shagon wani dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, yana gyaran wata amfilifaya. Ya jona mini babbar, ya koma aikinsa. Na danna, na murɗa filta, wato abin da ke buɗe siririn sauti na sama. Na buɗe, na ƙara buɗewa, har ƙarshe. Na ce, “Baba, ita ma wannan a dushe take.” Ina ɗago kai na ga ya runtse ido, wani mai gwada gita a can gefe ya sa yatsa a kunne.

Dattijon ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo. Ya rage ƙara, ya fara daga maɓallin ƙasa yana hawa ɗaya bayan ɗaya. “In ka daina ji ka gaya mini.” Ya kai ƙarshe, ya ƙara siranta muryar na'urar, ya sake hawa. A wani wuri sautin ya sirance, ya ɓace. Na ce maɓallan nan sun mutu. Ya nuna mini 'yar koriyar fitila tana tsalle duk lokacin da ya danna.

Ya ce, “Ɗana, wane aiki kake yi?”

Na ce bai shafe shi ba. Ni da bakina, ga sa'an mahaifina. Na fita ko sallama babu.

Lahadi, 9 ga Maris

Shagon ne ba kyau, ga fanka, ga motoci. Waye zai ji wani abu a wurin?

Talata, 11 ga Maris

Na tura wa Dogo kiɗan da na gama a kwamfuta, don in nuna wa kaina lafiyata ƙalau. Ya kira bayan la'asar, yana ta kewaye-kewaye, bes ya yi, ganga ta yi. Na ce ya faɗi abin da ke bakinsa. Ya ce ya gwada a zauren ba kowa sai mai goge-goge, matar ta yar da tsumma ta toshe kunne. “Wannan tsit-tsit ɗin na sama, mutumina, allura ce. Ba zan iya sa wa mutane ba, sai su gudu.”

Na ce ni da ƙyar nake jin sa, shi ya sa na ƙara.

Ya ce, “To ka je a duba ka mana.”

Na kashe wayar. Na ji tsoro, gaskiya.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ɗauki ruwa a firji na sha, na koma falo. Can sai ga Gimbiya ta fito daga ɗaki ta wuce kicin ta rufe firji. Na ce yaya aka yi ta san a buɗe yake. Ta tsaya tana kallona.

“Ƙara yake yi in an bar shi. Ya fi wata shida ina tashi ina rufewa.”

Ban taɓa sanin firjinmu yana ƙara ba. Sai na hau ta da faɗa, wai me ya sa ba ta gaya mini ba, wai tana kallo ina ta sayen hedifon kamar wawa. Ta bari na gama.

“Na gaya maka. Sau uku. Ka ce kunnen mawaƙi gare ka.”

Na ce haka, na tuna. Har da dariya.

Talata, 18 ga Maris

Asibiti. Wani ɗan akurkin ɗaki, hedifon, da maɓalli a hannu, in na ji ƙara in danna. Da farko na yi ta dannawa kamar gwani. Daga baya na zauna ina jira, ina ganin likitar ta gilashi tana rubutu, na san ana kunna wani abu. Sau biyu na danna a kan ƙarya. Ta ɗago ta girgiza kai.

Ta zana mini layi a takarda, yana tafiya daidai sai ya faɗa rami. Kunne biyu, na hagu ya fi. Injin ne. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare wanda ya rage.

Na ce, “Likita, kiɗa fa?” Ta ce ba za ta hana ni ba, in dai rage ƙara. Ba ta gane ba. Ba izini nake nema ba. Yaya mutum zai yi wa jama'a girkin da ba ya jin gishirinsa?

Alhamis, 20 ga Maris

Na sa abin toshe kunne a wurin aiki. Oga ya ce yau kuma matuƙin jirgi muka samu, aka yi ta dariya. Ban cire ba.

Kwamfuta kwana tara a rufe.

Asabar, 22 ga Maris

Na koma shagon, don ba da haƙuri kawai. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da likita ta ce. Ya ce ya sani tun ranar, ya ga masu ganga da yawa sun zo da irin wannan fuskar.

Na ce na haƙura da saye. Ya yi kamar bai ji ba, ya jawo ta tsakiyar, mai murya ɗaya. “Babbar ba taka ba ce, tana ɓoye komai a allo. Wannan kuwa ko'ina ka kai ta idonka na gani.” Ya kama hannuna ya ɗora a jikin lasifika, ya danna can ƙasa. Bes ɗin ya bi tafin hannuna har kafaɗa. Na ji hawaye, na ce ƙura ce ta shagonsa.

Ya ce in tafi da ita mako guda in gwada. “Ƙasa taka ce. Sama kuwa, ka nemi wanda ka yarda da kunnensa.”

Lahadi, 23 ga Maris

Na'urar tana kan tebur. Na haɗa bes mai daɗi, na tsaya a nan. Filta ko taɓa ta ban yi ba, tsoro nake.

Dogo ba shi da lokaci. Gimbiya kuwa ba zan roƙe ta ba, bayan abin da na faɗa mata. Ranar Asabar zan mayar.

Juma'a, 28 ga Maris

Na dawo daga aiki da wuri, na kunna na'urar, in yi bankwana da ita. Gimbiya tana ninke kaya a bakin gado. Na ɗan murɗa filta, kaɗan-kaɗan, ina kallon bango.

“Dakata.” Ko ɗagowa ba ta yi ba. “Koma baya. Ƙara kaɗan. Nan.”

Ta tashi ta buɗe durowa, ta ɗauko jan farce, ta ja ɗan layi daidai inda bakin abin murɗawar ya tsaya. Na ce wayyo, kayan aro ne! Ta ce in matsa in nuna mata na gaba. Uku ta yi wa layi, na ukun ma a karkace. Ta ce wancan in ya wuce nan haƙoranta yake tsinka, wannan kuwa in ƙara masa, rowa nake yi.

Na kira dattijo na ce zan riƙe ta. Ba wai na yanke shawara ba ne, ai ba a mayar da kaya da jan farce a jiki.

Mun naɗi minti huɗu, na Dogo. Da muka sake saurare, akwai wani wuri a tsakiya da ni ba na jin komai sai bes da ganga. A nan na ga ta ajiye rigar da ke hannunta tana kaɗa kai. Ban tambaye ta me take ji ba. Na bar wurin yadda yake.