Shirun Gunvor Hellesvik Ba Amincewa Ba Ne

Cikin alhini mai nauyi, da ɓacin ran da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, Tarayyar Malaman Ƙananan Makarantu ta Arewacin Turai ke sanar da mambobinta da abokan aikinta da sauran jama'a cewa ta samu labarin rasuwar tsohuwar shugabarta, uwa ga wannan tafiya, kuma wakiliyarta a Zauren Ƙasashe kan Makomar Ilimi da ke Geneva, Dakta Gunvor Hellesvik, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Larabar makon jiya a birnin Bodø, bayan shanyewar jiki da ta kwantar da ita, ta kuma ɗauke mata magana. Ta rasu tana da shekara sittin da takwas, ta bar maigidanta, Mista Halvard Hellesvik, da 'yarta Tuva, da jikoki biyu.

Marigayiya, wadda ɗalibanta har suka yi furfura ba su san ta da wani suna ba sai Malama Gunvor, ta fara aiki ne a tsibirin Kvitvær, a makaranta mai ɗaki ɗaya, inda ɗan shekara shida da ɗan sha biyar ke zaune kan benci guda. Ita ce malama, ita ce mai hura murhu, ita ce mai shanya rigunan yara idan ruwa ya jiƙa su a hanya. In teku ya yi fushi jirgin fito bai zo ba, ita ce likita. Sai da ta manyanta ta koma jami'a, kuma ba ta taɓa ɗaukar digirin da ta samo a bakin komai ba. Takan ce mana: "Wannan Daktan na shiga ƙofa ne. Ba don shi ba, a Geneva ko kujera ba za su miƙo mini ba."

A wancan Zaure, inda wakilan gwamnatoci da na manyan kamfanoni da na malamai ke zama suna tattauna yadda ilimi zai kasance yanzu da duniya ta dunƙule, an daɗe ana tsara yarjejeniyar da za ta ba kowane kamfani, daga ko'ina yake, damar sayar wa makarantun kowace ƙasa darussa ta allon kwamfuta. Dakta Hellesvik ba ta taɓa gaba da na'ura ba. Abu ɗaya ta tsaya a kai, sakin layi guda a cikin yarjejeniyar: kada a bar wata makaranta, komai ƙanƙantarta, ba tare da malami mai rai a cikin aji ba. Shekara da shekaru tana riƙe da shi. A cire, ta mayar. A sassauta lafazinsa, ta ɗaure. Yayin da ake can ana liyafa, ita tana bakin ƙofar zaure da burodinta da jan cukunta a takarda, tana tare wakilai ɗaya bayan ɗaya. Ni da nake sa hannu a wannan saƙo ina wurin ranar da wani matashin wakilin kamfani ya yi ta cika baki cewa yaron tsibiri da yaron Paris za su samu darasi iri ɗaya. Ta bari ya gama, sannan ta ce: "To madalla, ɗan samari. In yaron ya zo bai karya ba, ko ya zo da shatin mari a fuska, wa zai gani? Allon naka ne zai ja shi gefe ya tambaye shi?" Aka yi dariya, aka ɗage zaman zuwa bayan shayi, kamar kullum.

Ba za mu ce ba ta da wuyar sha'ani ba. Tana da shi. Mu kanmu mun sha faɗanta, kuma in ta kira ka "ɗan'uwa" da wata irin murya, ka san yau ba za ka tashi aiki da wuri ba. Amma ba mu taɓa jin ta faɗi a Geneva abin da ba za ta iya maimaitawa gaban iyayen yara ba.

A nan ya kamata saƙo irin wannan ya juya zuwa addu'a. Ba za mu iya ba tukuna, domin an yi wa marigayiya abin da dole jama'a su sani.

Zauren yana da wata hanya da ake kira ƙa'idar shiru. Idan an gaji da muhawara, sai sakatariya ta aika wa kowane wakili daftari, ta sa wa'adi. Duk wanda bai ce bai yarda ba kafin wa'adin ya cika, an ɗauka ya yarda. Murya ɗaya tak ta isa ta tsayar da daftari, amma sai ta wakilin da sunansa ke rajista. Daftarin ƙarshe na wannan yarjejeniya ya fito ne Malama Gunvor tana kwance, kuma babu sakin layinta a ciki, an cire shi. Sakatariya ta san halin da take ciki, tunda har gaisuwar sannu ta aiko. Ba mu ce da gangan aka yi ba. Mun dai faɗi abin da ya faru, mai hankali ya auna.

Mun nemi mu faɗi rashin amincewarmu da bakinmu, aka ce ba mu ne wakili ba. Mun nemi mu sauya wakili, aka ce sai kwamitin tantancewa ya zauna, shi kuwa ba zai zauna ba sai bayan wa'adi. 'Yarta Tuva ta buga waya daga ɗakin jinya, ta ce: "Uwata ko ruwa ba ta iya cewa a ba ta, kuna jira ta aiko muku da amsa?" Jami'in da ya ɗauka ya ce: "Baiwar Allah, wallahi muna tausaya muku, amma ƙa'ida ƙa'ida ce." Malama Gunvor ta cika ranar Laraba. Wa'adi ya cika ranar Juma'a. Kafin la'asar Zauren ya sanar wa duniya cewa an amince da yarjejeniya baki ɗaya, kuma a jerin waɗanda suka amince har da sunan matar da ke kwance a ɗakin ajiye gawa.

Haba jama'a! Mun san shiru ma magana ce, amma shirun mai rai ake nufi. Wane irin shugabancin duniya ne wannan, da zai iya tsara wa yaran nahiyoyi makoma, amma ya kasa bambance wanda ya yarda da wanda ya mutu? Abin ya ƙona mana rai, kuma ba za mu yi masa kwalliya ba. Washegari furanni suka iso gidan Mista Halvard daga Mai Girma Shugaban Zauren, tare da albishir cewa a zama na gaba za a miƙe tsaye a yi wa marigayiya shiru na girmamawa.

Wannan ba rigimar takarda ba ce. A Kvitvær yau akwai yara bakwai da malama ɗaya, Malama Oddny Rishaug, wadda a wannan ɗakin Malama Gunvor ta koya mata karatu. Hukumar yankin ta riga ta faɗa mata cewa da zarar yarjejeniyar ta tabbata, kafin sanyi ya shigo za a kafa allon kwamfuta a mayar da ita gari. Gidaje biyu sun ce ranar da ta hau jirgi, su ma za su tattara su bar tsibirin. Irin wannan makaranta muna da su birjik, a tsibirai da cikin duwatsu.

Ƙofa ɗaya ta rage. A dokar Zauren, idan ƙasa ko da guda ta nema kafin bikin sa hannu a wata mai kamawa, ana iya soke wannan shiru a dawo teburi. Tarayya na kira ga Masu Girma Jakadu da Ministocin Ilimi na ƙasashen da ke cikin Zauren, musamman waɗanda suka cika mana ofis da saƙonnin yabon marigayiya, da ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu. Mun karanta saƙonninku, mun gode. Har zuwa rubuta wannan sanarwa babu wanda ya ɗaga.

A madadin Shugaba, da Majalisar Zartarwa, da ɗaukacin mambobin Tarayya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Mista Halvard Hellesvik, wanda ya yi haƙurin ara mana matarsa tsawon rayuwar aurensu, da Tuva, da jikoki, da mutanen Kvitvær. Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya sanyaya muku zuciya, ya sa ta huta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a cocin Kvitvær. Jirgin fito na safe zai jira baƙi, kuma za a sha gahawa a makaranta bayan an dawo daga makabarta. Iyali sun roƙi abu guda, mun kuma isar da shi ga Zauren. Mista Halvard ya ce: "Duk mai ƙaunar Gunvor kada ya yi mata shiru. Na ga abin da ake yi da shi." Saboda haka babu wanda zai sunkuyar da kai a bakin kabari. Malama Oddny za ta karanta sakin layin da aka cire da ƙarfi, kowa ya ji, sannan duk wanda ke wurin, babba da yaro, ya faɗi abin da aka hana marigayiya faɗa: ba mu yarda ba.

Sa hannu:
Eilif Storvatn
Kakakin Tarayyar Malaman Ƙananan Makarantu ta Arewacin Turai